Tokarki Ta Huce

'Yan uwa, kafin in ba ku labarin abin da ya faru a falonmu ranar Asabar, bari in wanke kaina tukuna. Ni ban taɓa zama na shirya son mai gasa burodi ba. Toka na je nema, Allah shaidata.

Shekarata ashirin da shida, ina karatun digiri na biyu a fannin gine-gine, kuma abin da nake bincike a kansa ba ya burge kowa a gidanmu sai mutum ɗaya. Ga yadda abin yake. Ana samun tokar ragowar katako a tankaɗe ta, a haɗa ta da farin yumɓu da aka gasa aka niƙe, sai a kwaɓa da ruwan soda irin ta masu sabulu da wani ruwa mai yauƙi kamar zuma. In an dace da awo, kwaɓin zai daskare ya zama dutse ba tare da ko cokali ɗaya na siminti ba. A makaranta jiyofolima muke ce masa. A gida Mama ta raɗa masa suna ƙazanta.

Mutum ɗayan da na ce muku shi ne Baba. Kafinta ne, shagonsa na bayan gidanmu, katanga ɗaya ce tsakani, don haka da ƙarar zarto na girma. Tun ina yarinya ina riƙe masa bakin tef ɗin awo yake kirana Injiniya, har sunan ya bi ni. Shi ya ƙera min akwatunan zubi, ƙanana masu kusurwa huɗu, ya goge cikinsu har suna sheƙi kamar za a kai su ɗakin amarya. Bai taɓa tambayata ko abin zai yi ba. Iyakarsa ya ɗaga akwati ya hanga da ido ɗaya ya ce kusurwar ta miƙe.

Goggo kuwa, yayar Baba, ba a gidan take zaune ba, amma ra'ayinta ya fi kowa daɗewa a cikinsa. Ranar da ta same ni a tsakar gida da rariya, hanci ɗaure da ƙyalle, gashin ido ya yi fari fat, sai ta ajiye jakarta ta tsaya tana kallona kamar wadda ta zo gaisuwar marar lafiya. Ta ce kakarmu ta shekara arba'in tana sabulu da toka ko ƙofar makaranta ba ta sani ba, ni kuma sai da na tara digiri kafin in gano hanyar murhu. Ta ƙara da cewa tun kafin a haife ni aka gama wannan binciken, Hausawa sun riga sun faɗa, tubalin toka ba ya gini.

Abin haushin shi ne, a zubin farko Goggo ce ta yi gaskiya. Tokar bayan shagon Baba na yi amfani da ita, inda yake ƙona tarkace, baƙa ƙirin, duk gawayi da ragowar fenti da gam. Na jira kwana ashirin da takwas kamar yadda ƙa'ida ta ce, na kai tubalan ɗakin gwaji. Akwai injin da ke matse tubali har ya fashe, sai ya nuna lambar ƙarfinsa. Ashirin ake so. Nawa ko biyar bai kai ba ya wargaje kamar biskit. Farfesa, malamar da ke duba aikina, ta murza garin a yatsunta ta ce wutar da ta ƙona wannan itacen ragguwa ce, in nemo tokar da ta ci wuta sosai.

Baba ne ya ce in je gidan burodin da ke ƙarshen layinmu, domin su ke kwashe guntayen katakonsa masu kyau suna hura tanda. Na san mai gidan burodin da gani kawai: dogo, marar magana, yana zuwa da 'yar motarsa ya loda guntaye ya gaida Baba ya tafi. Ko sunansa ban damu in sani ba. Mai Burodi kowa ke ce masa tun da ya gaji wurin daga mahaifinsa.

Na je da tsakar rana da bokiti biyu. Ɗaki ne dogo, zafi kamar a bakin maƙera, buhunan fulawa jere a gefe, babban teburin kwaɓi a tsakiya, can ƙurya kuma tanda ta bulo mai girman ɗaki guda. Ya fito yana goge hannu a rigar aikinsa, fulawa har a girarsa, damtsensa duk tabon ƙuna ƙanana ƙanana. Na shirya jin dariya, don duk wanda na ce masa toka nake nema sai ya dara. Shi kuwa sai ya tambaye ni wace iri.

Na ce, "Toka ai toka ce."

Ya girgiza kai. Ya ce ta katako mai nauyi daban, fara ce kuma tana da laushi. Ta katako marar nauyi tashi take yi kamar auduga. Falankin da aka manna da gam kuwa ba ya barin shi ya shiga tandarsa sam, don yana ɓata ɗanɗanon burodi. Ya ɗebo kaɗan a tafin hannunsa ya nuna min. Jama'a, takardu sun fi talatin na karanta a kan toka, amma ba wadda ta yi min bayani kamar mutumin nan mai fulawa a gira. Na tsaya ina kallon tafin hannunsa fiye da yadda binciken ya buƙata.

Daga ranar ya ɗauki abin kamar nasa. Ya riƙa ware katako mai nauyi yana hura shi shi kaɗai, ya share gindin tanda, ya bar tokar ta huce a faranti, ya tankaɗe min ita da tsohuwar rariyar fulawa. Ya karɓi lambata don kada in riƙa zuwa a banza. Saƙonsa na farko har yanzu yana nan:

"Barka da rana Malama. Tokarki ta huce."

Na rubuta "Na gode ƙwarai, Allah ya saka", na ga ya yi yawa, na goge. Na rubuta "To", na ga ya yi kaɗan. Minti goma na ɓata kafin in tura "Na gode." Washegari ya rubuto cewa ta yau ta fi ta jiya fari, ya tankaɗe sau biyu. Wata rana kuma ya ce an yi ruwa amma ya rufe ta da leda, kada in damu. Bai taɓa wuce maganar toka ba ko da kalma ɗaya, ni kuma sai na kama kaina ina goge mayafi kafin in fita. Ku gaya min, wace mace ce ke sa dutsen guga a mayafi don za ta kwasar toka? Har turare na fara fesawa, wanda zafin tanda ke cinyewa tun daga bakin ƙofa.

Mama ba makauniya ba ce. Wata azahar wayata na caji a kicin saƙo ya shigo, ta karanta abin da ya fito a fuskar wayar. Da na shigo ta tambaye ni wace irin toka ce wannan da ke hucewa kullum a lokaci guda, ko kuwa sabon salon zancen yaran zamani ne. Na rantse mata toka ce ta gaske, har na kawo bokitin na nuna mata. Ta kalli bokitin, ta kalli mayafina mai karin guga, ta ce Allah ya kyauta.

A daidai lokacin ne Goggo ta kawo nata maganin. Ɗan aminiyarta ne, yana da shagon sayar da magani a babban titi, mu ce masa Mai Kemis. Kuma don Allah kada ku tsane shi, domin ba mugu ba ne. Mutum ne mai tsafta da ladabi, kullum cikin farin yadi, ƙamshinsa na riga shi shigowa. A zuwansa na biyu ya lura da yatsuna da soda ta saɓule, ya kawo min man shafawa mai kyau, ya ce in Allah ya yarda nan gaba ba zan ƙara taɓa irin waɗannan abubuwan ba. Da alheri ya faɗa. Ni kuwa sai na ji kamar an ce za a yanke min hannun don a huta da wanke shi. Mama ta ce ba wanda zai yi min dole, amma in tuna ƙawayena biyu har sun yaye, kuma mutumin kirki ba ya jira har abada.

Zubi na biyu na yi shi da tokar gidan burodi, fara sol. Na lallaɓa tubalan nan kamar jarirai, ina rufe su, ina leƙa su safe da yamma. Ranar gwaji na tsaya gaban inji ina kallon lamba tana hawa. Ta wuce biyar, ta wuce goma. A sha huɗu na ji ƙas. Na gwada na biyu da na uku, duk a nan suka tsaya. Farfesa ta cire tabarau ta ce an samu ci gaba, amma sha huɗu ba ashirin ba ne, kuma lokaci ya ƙure. Ta ba ni zuwa ƙarshen wata. In ba wani sabon abu, sai in sauya bincike in ƙara shekara.

Ban tafi gida ba. Ƙafata ce ta kai ni gidan burodi, da ragowar tubala uku masu faɗi a jaka, waɗanda na zuba da sauran kwaɓi don kada ya lalace. Na ce masa ya daina wahalar da kansa da shara da tankaɗe, abin bai yi ba. Ina cikin faɗa kuka ya ƙwace min. Bai ce in yi haƙuri ba. Ya jawo min benci kusa da buhunan fulawa, ya yanko gefen burodi mai zafi ya miƙo min, ya koma bakin aikinsa ya juya min baya don in yi kukana a sake. Da na gama na ajiye masa tubalan na ce ya tokare ƙofa da su, iyakar amfaninsu ke nan.

Ya ɗauki ɗaya ya juya shi ya ce, "Kin ba ni?"

Na ce na ba shi.

Daga nan saƙo ya ɗauke, tun da ni na ce a daina. Mako uku ina duba waya kamar mai jiran sakamakon asibiti. Azahar ta yi, shiru. Sau biyu na rubuta masa "Ya aiki?" na goge. In na hango motarsa a ƙofar shagon Baba sai in laɓe bayan labulen ɗakina ina leƙe, ya gama lodi ya ɗan kalli wajen gidanmu ya tafi. A nan na gane ba tokar kaɗai na yi rashi ba.

Ranar Asabar Mai Kemis zai zo karo na huɗu, kuma Goggo ta ce wannan zuwan na jin magana ne. Tun safe Mama ta sauya labulen falo, ta fito da kofunan gilashin da ba a taɓa su sai da dalili, ta shimfiɗa sabon kafet mai ruwan madara. Ni aka sa ni saka doguwar riga shuɗiya mai aiki a wuya da mayafi ruwan toka, wanda Goggo ta ce in canza don ta gaji da ganin wannan launin a jikina. Aka karɓe wayata aka ajiye a ɗakin Mama don kada in riƙa latse-latse a gaban baƙo. Baba ya shigo daga shago ya zauna a kujerarsa ta kusa da taga, yana sauraron Mai Kemis na bayanin ciwon suga, Goggo na gyaɗa kai kamar ita ta koya masa.

Ana cikin zuba shayi muka ji sallama a ƙofa. Na san muryar tun kafin ya rufe baki, har cokali ya kuɓuce min. Baba ya ce a shigo.

Ya shigo da rigar aikinsa, fulawa a kafaɗa, da wani abu naɗe a buhu a hammata. Da ya ga falon cike ya so ya juya, ya durƙusa ya gaida kowa, ya ba da haƙuri, ya ce ya kira waya sau uku ba a ɗauka ba, kuma ya ji na ce ƙarshen wata ne wa'adina, ga shi saura kwana huɗu. Goggo ta dube shi daga sama har ƙasa ta tambaya ko an yi odar burodi ne. Baba ya ce ya buɗe abin da ya kawo.

Tubalina ne. Ya yi duhu, gefe ɗaya ya koma ja, amma ko tsaga babu. A hankali ya yi bayani, idonsa a ƙasa. Ya ce a bakin wutar tandarsa akwai wurin da ya fi ko'ina zafi, duk facin simintin da ya yi a nan ba ya wuce kwana goma sai ya farfashe. Da na ba shi tubalan sai ya ce bari ya gwada, ya shimfiɗa su a wurin. Kwana ashirin da ɗaya ke nan suna cin wuta kullum. Simintin da ke gefensu ya zama gari, ya ma zo da shi a ƙullin takarda, su kuwa ga su. Ya ciro makullin motarsa ya ƙwanƙwasa tubalin, ya yi ƙara siririya kamar tangaran. Ashe tun safe ya kashe wuta, ya fasa gashin burodin ranar gaba ɗaya, don tandar ta huce ya samu ya ciro min guda.

'Yan uwa, a nan na manta da kowa. Na durƙusa a kan kafet ɗin Mama da sabuwar rigata, na karɓi makullin ina kankarar tubalin, ina jero masa tambayoyi: awa nawa wutar ke ci, wane gefe ne ke kallon harshen wuta, sauran biyun fa, yana amsawa ɗaya bayan ɗaya. Baƙin tubalin ya ɓata min hannun riga, garin siminti ya zube a kafet. Na ruga ɗakin Mama na ɗauko waya na ɗauki hoto na tura wa Farfesa da bayani. Ko minti biyar ba a yi ba ta amso:

"Ki zo da shi Litinin da safe, da mai tandar in zai samu dama. Muna ta neman tubalin ɗaukar nauyi, ashe na jure wuta muka yi. Wannan ya isa a gina bincike a kansa."

Na karanta a fili, ina dariya hawaye na zuba. Sai da na ɗago na tuna akwai baƙo. Mai Kemis ya ajiye kofinsa, yana kallona, ba da fushi ba. Ya ce, "Zuwana huɗu gidan nan, ban taɓa ganin haƙoranki ba sai yau." Ya miƙe ya yi wa Baba sallama cikin mutunci, ya ba Mai Burodi hannu duk da fulawar, ya ce in ci gaba da shafa man. Na ji kunya har cikin ƙashina, kuma na ga girmansa a ranar fiye da kullum.

Goggo ta bi shi har mota tana ba da baki. Da ta dawo ba ta zauna ba. Ta ce wa Baba ya zuba ido 'yarsa ta kori mutum mai sana'ar mutunci saboda dutse, ta ɗauki jakarta ta fita ko rakiya ba ta jira ba. Mai Burodi ya riga ya sulale tun da ya ga hadari ya haɗu. Mama ta tsaya kan kafet ɗinta tana kallon tabon, ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai kuma ta tambaye ni a hankali ko da gaske yaron nan ya bar cinikin yini guda saboda ni. Na ce haka ya faɗa. Ta ce hmm, ta tafi ɗauko tsintsiya.

Da la'asar Baba ya kira ni shago. Yana feƙe wata ƙafar kujera, bai ɗago ba ya ce, "Injiniya, tubalin ne ya sa ki wannan murnar, ko wanda ya kawo shi?"

Na ce, "Tubalin ai nawa ne, Baba."

"Na sani. Ɗayan nake tambaya."

Na ja mayafi na rufe fuska, na ce duk abin da ya gani. Ya yi 'yar dariya ya ce shi katako yake iya gani da ido, mutum kuwa sai ya zauna da shi.

Washegari da hantsi ya sa tef ɗinsa a aljihu ya fita ba tare da ya ce ga inda za shi ba. Na leƙa ta taga na ga ya miƙe zuwa ƙarshen layi. Awa uku, jama'a. Na share ɗakina, na wanke abin da ba shi da datti, na tura wa Mai Burodi saƙo ko Baba na nan, shiru. Sai bayan azahar ya dawo, fulawa a hannun rigarsa, burodi biyu a leda. Ya zauna ya ce Mama ta ba shi ruwa, ya sha a hankali kamar ba mu biyu ne tsaye a kansa ba.

Can ya ce teburin kwaɓin yaron nan yana gurgunta, ƙafa ɗaya ta ci, zai yi masa sabuwa cikin satin nan. Mama ta dube ni na dube ta. Shekara talatin tana tare da shi, ta ce ba ta taɓa ganin ya ɗauki aikin da ba a roƙe shi ba. Ya ƙara da cewa ya gaya masa in yana da wata magana bayan ta toka, ya san ƙofar gida.

Ina shiga ɗaki wayata ta yi ƙara. Saƙonsa ne, na farko da babu toka a ciki: "Malama, Baba ya ce in tambaye ki tukuna. In zo?"

Ban kai ga amsawa ba na ji mota ta tsaya a ƙofa. Na ɗaga labule. Goggo ce ke fitowa, kuma ba 'yar jakarta ta kullum ce a hannunta ba, akwati ne babba, har da filo a ɗaure a kansa. Tun daga zaure take faɗa wa Mama a gyara mata gado a ɗakina, don ba inda za ta sai ta ga ƙarshen wannan maganar da idonta.

Yanzu haka da nake rubuta muku tana zaune a bakin gadona tana jera magungunanta a kan teburin karatuna, ta ture tubalin gefe da yatsa ɗaya. Ni kuma na juya mata baya, wayar na ƙarƙashin mayafi, na rubuta masa kalma ɗaya na tura.

"Zo."